Amsar tambayarka kan fanoramar Mambilla

Toh yarona na ga hotunan da ka turo min daga Gembu, kana tambaya wai me yasa sama ta rabu biyu, gefe fari fat gefe shuɗi, sannan ga saniya da kai biyu. Kar ka ɗora wa kyamara laifi, a oto ka barta, wato tana saita kanta da kanta.

Ita fanorama hotuna ne da dama, kamar shida ko bakwai, ake ɗinkewa su zama ɗaya, in ka bar kyamara da kanta duk juyawar da kayi sai ta sake auna haske, kowane hoto da kalarsa, ta yaya manhajar gyaran hoto ta Lightroom zata haɗa maka su ba tabo? Ka duba inda yafi haske a sararin ka auna a nan, ka koma manuwal wato saitin hannu, ka sa buɗewar idon kyamara a f/8, ƙarfin jin haskenta a ISO 100, ka kulle fokas ka kulle launi, kar ka sake taɓa komai sai ka gama. Wannan filtar ta rage ƙyalli kuma cire ta, ita ma tana raba sama. Kyamara a tsaye zaka riƙe ba a kwance ba, don ka samu dutse da ƙasa isassu in an zo yanke gefe, kowane hoto ya hau kan na baya da kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma kyamarar ce zata juya a inda take ba kai zaka dinga kewayawa da ita ba, shi yasa shingen gaban nan ya karye. Kayi sauri kuma, gajimaren can baya jiran kowa.

Maganar mutane ita tafi damuna. Hotonka na farko ba kowa a ciki, wlh kamar dutsen Kufena na Zariya, alhali yankin nan ne ke da dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a Najeriya. Makiyayin nan da sandarsa shi zai nuna girman wurin. Amma ba daga nesa zaka sace shi ba, ka je kayi sallama, in ruga ce ka fara da ardo, matan aure kuwa in ba'a ce maka eh ba ka sauke kyamara. In ya yarda ka sa shi a tsakiyar hoto ɗaya, nesa da bakin ɗinki, shi zaka fara ɗauka sannan sauran, ka nuna masa a sikirin ya gani. Shanu dai sai haƙuri, jira zakayi su dukufa kiwo, motsinsu tsakanin hoto da hoto ne ya baka saniya da kai biyu.

In zaka koma ka bari ƙarshen damina kafin hazo ya sauko, batir ɗaya a aljihun ciki don sanyin asuba na shanye shi. Kafin nan ka shiga Kajuru ran Asabar ka gwada, ka kawo min katin kyamarar shago in gani, kar ka goge ko ɗaya.