Kifayen koi na buɗe baki a saman ruwa da asuba, in zubar da ruwan duka?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina da kwamin siminti a bayan gidana a Ƙofar Ƙaura, Katsina, da kifin koi (kifin ado mai launi-launi) guda takwas a ciki. Tunda zafin nan ya shigo, kullum da asuba sai in tarar sun taru a sama suna buɗe baki. Biyu sun mutu. Wani mai kiwon tarwaɗa ya ce in zubar da ruwan kaf, in goge kwamin da garin sabulu, in fasa kafson ja da yalo, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ciki. Na yi, abin sai ƙaruwa ya yi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, kada ka sake yin abin da aka sa ka.

Kifinka iska ce ta yi musu ƙaranci. Ruwa in ya yi ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa: a digiri 20 yana ɗauke da kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauka wajen 7.5, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta. Koi asalinsa daga Niigata ta ƙasar Japan aka raino shi, ya fi sakewa tsakanin digiri 15 zuwa 25, mu kuma a Afrilu da Mayu rana kan kai digiri 40. Da dare gansakuka ita ma shan iskar take yi, in kuma an ɗauke wuta famfo ya tsaya, sai asuba ta zama lokacin da ruwan ya fi talaucewa. Ka samo injin hura iska mai batir ko na sola ya kwana yana aiki, ka kafa rumfar zana ta rufe rabin kwamin, ka rage abinci.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an kawo mini wannan magana ta "zubar, goge, zuba kafso". Tarwaɗa tana da wata halitta a kanta da take shaƙar iskar sama kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a cikin taɓo. Koi ba shi da ita. Wanda ya auna koi da mudun tarwaɗa zai kashe maka shi, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Wannan santsin da ka kankare a bango, da laka-lakar da ke cikin soson filta, gidan ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Su ke juya amoniya, gubar da kifi ke fitarwa, ta zama naitirait wadda ita ma guba ce, sannan ta koma naitiret mai sauƙin illa. Mako huɗu zuwa shida suke ɗauka kafin su kafu. Kai kuma a wuni guda ka share su da sabulu, wanda ya tsira ka bi shi da ja da yalo. Ruwa ya fito garau, ido ya ji daɗi, amma guba na taruwa ba mai kwashe ta. Ga zafi, ga siminti da in sabo ne yake ɗaga pH, wato ƙarfin kanwa a ruwa, duka biyun suna ƙara wa amoniya dafi. To me ja da yalo zai yi wa kifin da numfashi ya gagara? Maganin mutane ne, ana barbaɗa shi ba awo ba gwaji, daga nan a zubar da ruwan a kwata, gobe yaro ya kwanta a asibiti a ce maganin ya daina ci. Masu ba da wannan shawara a bakin kasuwa ba su taɓa ɗiga ruwan kwami a kwalbar gwaji ba, amma bakinsu ya fi na kowa kaifi.

Canjin ruwa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne a mako. A halin da kake ciki, ka riƙa cire kashi 20 kullum har gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili, kuma ka dakatar da abinci kwana biyu, yunwar ba za ta taɓa su ba. Ruwan famfo na da kulorin, sai an sa masa maganin kashe ta. Na burtsatse kuma da ƙarancin iska yake fitowa, ka watso shi daga sama. Soson filta a cikin bokitin ruwan kwamin ake ɗauraye shi, a hankali.

Ka auno mini tsawo da faɗi da zurfin kwamin. Babban koi ɗaya na son lita 1,000, zurfi kuma ya kai mita guda. In bai kai ba, shidan da suka rage ma sun yi masa yawa, sai ka rage wasu.