Babban Yatsan Saurayina Ya Hana Ni Barci

TAMBAYA: Anti, an sa mana rana bayan Babbar Sallah. Wanda zan aura babban yatsansa gajere ne, kan a kumbure, farcen kuma faffaɗa. Ƙawata ta turo min bidiyon wani mai duban tafin hannu, wai masu irin wannan yatsa suna da baƙar zuciya, har kisa suna yi. Ni ban taɓa ganin fushinsa ba, amma hankalina ya tashi.
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: 'Yata, wannan magana ta girme ki, ta girmi mai bidiyon. Masu duban hannu na Turai ne suka yaɗa ta a ƙarni na 19, irin su d'Arpentigny, wani tsohon sojan Faransa, da Cheiro ɗan Ayiland da ya rasu a 1936. A lissafinsu gaɓar da ke ɗauke da farce ita ce ƙarfin niyya, ta ƙasanta kuma tunani. To idan ta sama ta gajarce ta yi kauri, sai su ce zuciya ta rinjayi hankali, suka laƙaba masa "yatsan mai kisa". Wanda nasa ke lanƙwasawa baya wai almubazzari ne, mai sandararre wai taurin kai. Babu wanda ya tsira.

Likitoci kuwa sun san abin. Ƙashin ƙarshe na yatsan ne yake daina tsawo da wuri tun yarinta, shi ya sa farcen ya fi faɗi. Gado ne, daga uwa ko uba, wani a hannu ɗaya, wani duka biyu. Ki lura da hannun surukarki ranar da kika je gaisuwa, ba mamaki ki gan shi a can. Ba ya ciwo, ba ya hana aiki, kuma ba a samu hujjar da ta haɗa shi da hali ba.

Sannan kin san hukuncin zuwa wurin mai duba: a hadisin Muslim, sallar kwana 40 ba ta karɓuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne da kika ce ba ki taɓa ganin fushinsa ba. Wane saurayi ne yake fushi a wurin zance? Ki sa yayanki ya bincika a unguwarsu da wurin sana'arsa: yadda yake yi wa ƙannensa magana, ko yana biyan bashi, me ya yi ranar da mai babur ya goge masa mota. Akwai sauran lokaci kafin Sallah.