Ɗana ya dawo daga daji yana cewa ba shi da tuba: in karya rantsuwar da na yi masa?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni uwa ce daga Tawa. Ɗana ya bi masu ɗauke da makamai yana da shekara 13, ya dawo bana yana 16. Ba ya barci, ƙarar babur kaɗai sai ya zabura. Ya faɗa mini an sa shi ya yi kisa, ya rantsar da ni da Allah kada in gaya wa kowa. Wani ya ce masa mai kisan ganganci ba shi da tuba. Yanzu ya rabar da tufafinsa, yana bin ƙannensa yana neman gafara, yana cewa gara ya huta. In na kai shi likita na karya rantsuwa? Ko aljanu ne, ruƙiyya ta isa?

Amsa: Baiwar Allah, Allah Ya sanyaya zuciyarki. Ki karya rantsuwar yau, wajibi ne. Kaffararki ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana 3.

Abin da ya sa na ce yau shi ne rabon tufafin nan da neman gafara. Da rashin barci ne kawai, da na ce a bi shi a hankali. Amma yaron da ya fara sallama da mutanen gida yana shirin wani abu ne. Kada a bar shi shi kaɗai, musamman da dare. A kwashe makami, magunguna da maganin feshin gona daga inda hannunsa zai kai. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma ita ke sa ya sauke nauyin. Sannan ku je asibitin jiha nan Tawa ku ce a haɗa ku da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, in ta kama har Yamai, babban asibitin ƙasa na da sashen. Lokotoro alamomin ciwo yake buƙata, ki faɗa masa gwargwadon abin da magani ya nema, in yana shan tramol kada ki ɓoye. Zabura da mugun mafarki sanannen ciwo ne ga wanda ya ga jini. A yi ruƙiyya, a tafi asibiti, ɗaya ba ta hana ɗaya.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Wanda ya ce masa ba shi da tuba ya ɗauko ra'ayin da aka naƙalto daga Ibn Abbas kan aya ta 93 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi magana kan kisan ganganci, ya jefa wa yaro marar lafiya. Jumhurin malamai ba su tafi a kai ba. A cikin surar dai Allah Ya ce ba Ya gafarta shirka, Yana gafarta abin da bai kai ta ba ga wanda Ya so, kuma Suratul Furƙan ta ambaci kisa da sunansa sannan ta keɓe wanda ya tuba. An ma ruwaito cewa Ibn Abbas ya tsananta wa mutumin da ya ga alamar yana shirin kisa ne, ya buɗe ƙofa ga wanda ya riga ya aikata ya zo da nadama. Ɗanki cikin wanne yake? Ku tuna mutumin da ya kashe 99: mai ibadar da ya yanke masa ƙauna shi ne ya zama na 100 da ya kashe, malamin da ya ba shi fata shi ya raba shi da kisa, ya kuma umarce shi ya bar garin miyagu.

Duk wannan ma in ya balaga ne lokacin. A mazhabarmu ta Malikiyya, in alamomin balaga ba su bayyana ba sai shekara 18, kuma gangancin yaro hukuncin kuskure yake ɗauka. In ya balaga, tilastawa ba ta halatta kisa, wannan babu saɓani. Haƙƙin mamaci da iyalansa yana nan, za a zauna da malami a kansa bayan yaro ya samu lafiya. Kashe kai kuwa ba ya biyan jinin kowa.

Ki lura da wayarsa. Yaron da ya gaji da rayuwa shi ne wanda waɗancan mutane ke nema, su ce masa ga hanyar wanke zunubi, su sa wa halaka suna shahada. Mutanen Tawa ba su manta Tiliya ba, inda aka kashe mutum 137 a watan Maris na 2021, don haka kada ki ji mamaki in maƙwabta sun ƙyamace shi. Ki sanar da mahaifinsa ko kawunsa mai hankali, su nemi dattijo amintacce ya shiga tsakaninku da hukuma, wadda tun ƙarshen 2016 ta fara karɓar tubabbun Boko Haram a jihar Difa. Ke ma ki samu mai kama miki tsaron dare, ki riƙa yin barci.

Allah ne Mafi sani.