Wace ciyawa ta dace a rufe ƙasar lambu da ita?

Tambaya: Malam, ina da ɗan lambu a bayan ɗaki a Zariya, tumatir da tattasai da kuɓewa. Ruwan 'yan garuwa nake saye, amma kafin la'asar ƙasar ta bushe ƙarau. An ce in shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Wace iri zan nema?

Amsa: Hajiya, wanda ya ba ki shawarar nan ya yi gaskiya. Shimfiɗar tana hana rana da iskar hunturu shanye danshi, tana sanyaya saiwa a zafin bazara, tana kuma hana ruwan da ake zuba wa shuka fantsamo ƙasa kan ganyen tumatir, wanda ta nan wasu cututtukan ganye suke hawa.

Sai dai ba kowace ciyawa ba. Wadda aka yanko daga daji a ƙarshen damina ta riga ta yi 'ya'ya, kina shimfiɗa ta kina ban ruwa, kin shuka wa kanki aikin cira. Nemi karan shinkafa ko na alkama da aka sussuke. A wuraren noman rani irin su Kura da Kadawa yana samuwa da yawa bayan girbi, wasu ma ƙone shi suke yi. Harawar wake da ta gyaɗa tana saurin ruɓewa ta ƙara wa ƙasa ƙarfi, amma da tsadar da take yi da rani, awaki sun fi lambu buƙatarta.

Ki fara cire ciyawar da ta fito, ki ba da ruwa ƙasa ta ƙoshi, sannan ki shimfiɗa. Kaurin ya kai santimita 5 zuwa 10, wato kamar faɗin yatsu huɗu bayan ya kwanta. Ki bar fili kaɗan a zagayen gindin shuka. Idan jiƙaƙƙen kara ya manne da gindi, ruɓewa yake jawowa. Lokacin ban ruwa ki tura yatsa ƙarƙashin karan ki ji, don sau da yawa sama a bushe, ƙasa kuwa da sauran laima.

Kada ki cuɗa karan cikin ƙasa alhali shuka na tsaye. Yayin da yake ruɓewa yana riƙe sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata, sai ki ga ganye ya yi rawaya. Taki a ƙasa, kara a sama.

Tambaya daga wani mai lambu: Ni gara nake tsoro. Ba zai tara min ita ba?

Amsa: Zai tara, Malam. Amma gara ta fi son busasshen abu, kuma ramukan da take yi suna taimaka wa ruwa shiga ƙasa. Shukar da ƙishi ya galabaitar ita ta fi kamawa. Ka nisanta shimfiɗar da bangon ƙasa da ƙyauren katako. Ka kuma riƙa ɗaga karan da sanda kafin ka sa hannu, saboda kunama.

Tambaya: Zan iya rufe irin alayyafo da albasa da na yafa?

Amsa: Sama-sama kawai, yadda za ka hango ƙasa. Da zarar tsiro ya leƙo ka janye, in ba haka ba zai yi tsawo siriri ya kwanta. Idan damina ta kankama, rage kaurin a duk fangalin da ruwa ke kwanciya.