Fuli kaɗai ake zubawa

Yarona, jiya muna rufe shago ka tambaye ni: tunda kana son haɗa injin washi mai bel na kanka, me zai hana ka kai wa masu zubin tukwane su zuba maka shi gaba ɗaya da alminiyam, jiki da fuli, wato gargaren da bel ke juyawa a kai, da komai, ka huta da yanka da walda? Na ce ka bari sai da safe. To jawo benci ka zauna.

Fuli kaɗai za ka zuba. Jikin injin a yi shi da fayif na ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai kauri, a kama shi da walda. Zubin alminiyam ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma zaren noti ba ya daɗewa a cikinsa. Injin nan kullum cikin girgiza yake, kullum ana ɗaurewa ana kwancewa, nauyin ƙarfe ne ke zaunar da shi. Fuli kuwa rashin nauyi yake so, ga alminiyam ba ya tsatsa, ga sauƙin sassaƙa.

Abin da za a narka, kai za ka zaɓo da hannunka. Ka je wajen ƴan gwangwan ka nemi tsofaffin fistan da kan injin mota. Su tun asali zuba su aka yi, da sinadarin silikon a ciki, shi ya sa ruwansu ke gudu ya cika kowane lungu. Gwangwanin lemo kuwa datti ya fi yawa, sai ka yi ta kwashe kashi kana asarar gawayi. In ka ga wani guntu ya cika rashin nauyi, ka kankare shi ka ɗiga ruwan tsami na binigar. In ya yi kumfa, magnesiyam ne, ka ajiye shi nesa, don in ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Alminiyam na narkewa a wajen digiri 660, gawayi da iska sun isa. Ƙarfen zubi sai wajen 1200, wannan ba aikin murhun tukwane ba ne.

Samfurin katakon da za ka kai musu ya fi fulin da kake so girma. Alminiyam in ya huce yana tsukewa, kusan milimita 13 a kowace mita, sannan ka bar wa mai tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, milimita 3 ta kowane gefe ya ci. Yashin da za a danna samfurin a ciki don ya bar gurbin zubi ya zama mai laushi, irin wanda ake rairayowa daga Gulbin Maradi, a cuɗa da laka kaɗan. Ka damƙa a hannu: ya riƙe sawun yatsunka, amma kada ya jiƙa tafinka. Nan fa ba na wasa. Ina yaro kamarka na ga an zuba ruwan ƙarfe cikin yashi mai danshi, tururi ya watso shi sama, ya sauka a ƙafar wani abokin aikinmu, har yau tabon na nan. Ludayi da awartaki duk a ɗumama su kafin su taɓa ruwan. Kuma ba a zubi da silifa.

Ranar da aka fasa yashi fulin ya fito yana ƙyalli, za ka ji kamar ka ɗaura shi nan take. Kallon kitse ne kake yi wa rogo. Bai zama fuli ba sai ya hau tur. A huda ramin rulma, wato boris, a kuma sassaƙe bayan fulin a ɗauri guda, ba tare da an sauke shi ba, don cibiya ta zama ɗaya. Rulma mai lamba 6203 ta wadatar: cikinta milimita 17, bayanta 40, biyu a kowane fuli in ban da na kan moter, mai murfin roba saboda ƙura. In mai tur ya tarar da rami mai zurfi ɓoye a cikin zubin, kada ka cike, ka mayar a sake narkawa. Fulin da gefe ɗaya ya fi nauyi rulma zai ci, kuma zai bar tsani-tsani a jikin wuƙa.

Fulin sama, mai saita bel, a yi masa ɗan tudu a tsakiya, kamar rabin milimita zuwa ɗaya. Bel tudu yake bi, shi ke hana shi zamewa gefe. A ɗora fulin a kan hannu mai sifirin, da noti ɗaya na karkata shi. Amma in sandunan fuli ba su yi layi ɗaya ba, babu notin da zai cece ka. Ka aza ƙarfe miƙaƙƙe a gefensu, duk su taɓa shi, kafin ka gama walda.

Moter ka nemi rufaffe, don garin ƙarfe na ƙona waya, mai ƙarfin doki biyu, na volt 220. Ga lissafi: fulin kan moter mai santimita 15 daga baki zuwa baki ta cibiya kewayensa kusan 47 ne. Moter mai juyi 2800 a minti zai ja bel mita 22 a daƙiƙa, ya yi wa cin ƙarfe kyau. Mai 1400 rabin haka ne, shi ya fi ga bakin wuƙa da lauje, don in baki ya yi shuɗi ƙarfinsa ya tafi. Kada ka bar garin alminiyam ya taru da garin ƙarfe ƙarƙashin injin, tartsatsi ɗaya ya ishe su kama wuta.

Yanzu kafin ka yanka fayif ko ɗaya, tashi ka je babbar kasuwa ka ga wane bel ake samu kullum, ko nan ko wanda ake kawowa daga Kano. Akwai mai faɗin milimita 50 da tsawon mita 2, akwai gajeru. Ka sayo biyu ka kawo, a kansu za mu auna tsawon jikin.