Kafin Ka Sa Almakashi a Tsohuwar Tufa

Ka ce in gaya maka yadda ake rage kayan da samarin nan masu son tsohon yayi suke kawowa. Wannan ya zaƙulo wandon jins a gwanjon Ƙofar Wambai, wancan ya buɗe akwatin kakansa ya ɗauko rigar saƙi, kowa yana so a mayar masa da shi kayan yau da kullum, ya shiga adaidaita da shi, ya je makaranta da shi. To, kife wayar nan tukuna. Awo da kalmasa ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda ya shekara a kan keke bai iya su ba ya nemi wata sana'a. Abin da ba ka sani ba shi ne, tufa takan mutu alhali tana da kyan gani, kuma telan da ta ƙarasa a hannunsa shi ake kamawa.

Maigidan da ya koya mini ɗinki, Allah ya jiƙansa, a kan haka aka raba shi da keke. Wata Laraba wani mutum ya shigo shago, carbi a hannu, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Ya warware ƙunshi, sai ga rigar saƙi mai aska takwas, aikin tsamiya, shafin alharini, ta sha sitati ta sha bugu, sai ɗaukar ido take. Ya ce gadon mahaifinsa ce, ta yi masa nauyi, a rage mata faɗi ta zama abin da zai riƙa sawa yana fita kasuwa. Maigida ya ce a bari a wanke ta tukuna. Mutumin ya yi kicin-kicin, ya ce ruwa ba zai taɓa ta ba, ƙamshin mahaifinsa na jikinta, kuma jibi Juma'a yake son ta. Wa zai yi musu da maraya a kan ƙamshin ubansa? Aka karɓa.

Da aka farke ƙwarya uku-uku a kowane gefe, wato siraran layukan saƙar da aka harhaɗa aka yi rigar, ba abin da ya faru. Ana ɗora ta a keke, allura na tafiya, rigar na tsagewa a bayanta. Layin ɗinkin ya zama kamar hujin kan sarki, ko da yake ku ba ku taɓa manna kan sarki a wasiƙa ba. Maigida ya ɗaga ta ya duba, nauyin aikin ƙirjin ya ja, ta dare daga wuya har ƙarshen kafaɗa, daidai kan tsohon ninki.

Washegari mutumin ya dawo, ba shi kaɗai ba, da mutum biyu a bayansa. Ka ga wanda ya zo karɓar ɗinki da shaidu? Tun kafin a gama yi masa bayani ya sa salati, layi ya cika. Aka je gaban mai unguwa. Tambaya biyu aka yi. Da ka karɓa akwai yaga? Babu. A hannun wa ta yage? Magana ta ƙare. Aka yanka kuɗin sabuwar riga irinta, aka ƙara da na gado, wai abin da ba ya sayuwa. Maigida ba shi da su, ya sayar da baƙin keken Singer ɗin da ke kusurwa, wanda ya ware domin ranar yaye ni. Mutumin ya karɓe kuɗi, ya naɗe rigar ya tafi da ita, don aikin wuyan lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne mai tsadar.

Bayan an kwana biyu wata dillaliya ta ji labari ta zo. Ita ta sayar masa da rigar, a kuɗin tsumma, ta kuma faɗa masa a ɗakin da ke yoyo aka samo ta, damina biyu tana kwance a ƙasan akwati. Babu uba babu gado. Sitatin da bugun shi ya kai aka yi, don su riƙe zaren su rufe ido. Da ruwa ya taɓa ta, a cikin baho za ta watse a gabansa, shi ya sa ya hana wanki. Har yau in na ga mai kawo gyara yana yawan jan carbi sai na ƙara buɗe ido.

Saboda haka gwaji a gaban mai kaya ake yin sa, yana tsaye, kafin ya juya baya. Fita da rigar waje ka ɗaga ta saitin rana. Inda haske ya fi ratsawa, nan ta sire. Ka duba ninki, musamman na kafaɗa da na tsakiyar baya, don tufar da ta shekara ashirin a ninke ɗaya zarenta a karye yake a wurin. Ka duba hammata da bayan wuya, gishirin gumi yana cin auduga. Ka duba bakin aiki, inda zare mai kauri ya haɗu da yadi mai laushi. Jan ɗigon tsatsa daga akwatin ƙarfe huji ne da bai buɗe ba tukuna. Sannan ka juya ta ciki, ka sami rarar ɗinki inda ba a gani, ka kama da manyan yatsunka biyu, tazarar inci ɗaya, ka ja a hankali. Mai rai zai miƙe ya dawo. Matacce za ka ji ƙaramar ƙara, ko ka ga gari-gari a yatsanka. In ka ji wannan, naɗe masa kayansa ka ba shi haƙuri, ko nawa ya ce zai biya. Ka sansana kuma: warin fumfuna ba ya ɓuya, sai dai a danne shi da turare.

In ta wuce wannan, wanki. Ruwan sanyi, sabulun wanka mara ƙarfi, ba garin sabulu ba, balle ruwan bilic. A jiƙa minti 15, a motsa da tafin hannu, ba cuɗa ba matsa. Jiƙaƙƙiyar babbar riga nauyinta kaɗai ya isa ya yaga ta, don haka kada ka rataye ta a igiya. Shimfiɗa ta a tabarma a inuwa. Mai baba kuwa, saƙi ne ko rinin Ƙofar Mata, ita kaɗai a baho, kuma ka fara goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle ka nuna wa mai ita yadda take zuba, kada gobe ya ce kai ka koɗar masa. Wanda ya ƙi a wanke, ka ƙi aikin. Wayar nan da kuke yini kuna kallon raye-raye, ga ranarta: ɗauki hoton gaba da baya da kowane tabo, da mai kayan a tsaye a gefe, ka rubuta a littafin shago ya sa hannu.

In an zo ɗinki, kuskuren yaran yanzu ɗaya ne, zare ɗaya allura ɗaya suke yi wa kowa. Zaren roba ya fi tsohuwar auduga ƙarfi. In an zauna tufar ta ja, zaren ba zai tsinke ba, yadin zai yanka. Sa zaren auduga, in abu ya ɓaci gara ɗinki ya farke da yadi ya yage. Allura sabuwa, lamba 11 ga shadda da atamfar da suka sha jiki, lamba 14 ga saƙi. Buɗe takun keke ya zama ɗinki 8 zuwa 10 a inci ɗaya, ka sassauta zaren sama. Taku ƙanana huji ne kusa da huji, ka ji abin da ya yi wa rigar can. Saƙar hannu kuwa ba a yanka ta a tsakiyar ƙwarya, zare zai yi ta zarewa. Ka bi haɗin da masu ita suka yi, ka farke da reza, ka cire ƙwarya sukutum, ka mayar da hannu. Abin da ka cire ka ba mai shi, ko ka ajiye masa, da shi za a yi maho nan gaba, don ba za ka sami launinsa a Kantin Kwari ba.

In jikin rigar ya mutu aikin na da rai, kada ka wahalar da kanka. Yanke aikin ka bar masa rarar inci ɗaya zagaye, ka lanƙwasa, ka ɗora a sabon yadin da ka riga ka wanke ya gama shan ruwansa, ka bi da ɗinkin saje. In ba ka wanke sabon ba, ranar wankin farko zai tsuke, aikin ya tattare.

Jins kuma wata duniya ce. Dilar da ke shigowa ta Kwatano takan ɓoye abin da mai sayarwa ma bai san darajarsa ba, kuma yaran nan sun fara ganewa. In ka ga Levi's, duba ɗan jan ƙyallen da ke jikin aljihun baya. In harafin E na sunan da ke jikinsa babba ne, mai yiwuwa kafin 1971 aka yi shi, ko da yake an sake yin sababbi masu irinsa. Juya ƙafar: in ɗinkin waje bakin saƙa ne fari mai jan layi, ba wanda aka bi da injin kashe baki ba, yawanci bai wuce farkon shekarun 1980 ba. Irin wannan ba a taɓa ɗinkin wajensa. In yaro ya nace a tsuke ƙafa, ta ciki za ka rage, kuma ka gaya masa ya rage wa wandonsa kuɗi da hannunsa. Lambar da ke jikin fatar ƙugu kada ka yarda da ita, wandon ya sha wanki ya tsuke, mai 34 sai ka auna ka ga 32. Ƙugu ta tsakiyar baya ake ragewa, kada ya wuce inci 2, in ya wuce aljihunan baya za su haɗe. Tsawo kuwa, bakin ƙafar nan mai koɗewa da tattara shi suke so. Yanke shi da rarar rabin inci, rage tsawon a sama, ka mayar da shi daf da tsohon ɗinkin. Allura 16 ko 18, ka dake mahaɗar da guduma kafin keke ya hau, in ba haka ba allura ta karye ta tashi idonka.

Wandon da hantsarsa doguwa ce, inci 11 ko 12, a cibiya ake ɗaura shi. Yaro zai sauke shi ƙasan ƙugu yadda ya saba, hantsa ta yi lilo, ya dawo ya ce ka lalata. Sa shi ya gwada a gabanka, ya ja shi inda ya dace, ya durƙusa, ya yi zaman tahiya. Mutumin da zai yi salla sau biyar a cikin wando, gwiwa da hantsa ne za su fara tafiya. Tun kafin su huje ka shimfiɗa musu sassauƙan ƙyallen auduga ta ciki, ka bi da zare mai launin wandon, tsaye-tsaye yadda saƙar ta tafi. Ka bar sararin inci ɗaya a cinya ko ya ƙi ko ya so. Su komai sai ya ɗame, tsohon yadi kuwa ba ya jure ɗamewa.

Rigunan nan masu dogon kwala na shekarun 1970, da yawansu roba ce zalla. Zare ɗaya za ka zaro daga ciki ka kusanta da ashana: auduga warin takarda take ta bar toka, roba narkewa take ta dunƙule, ulu da siliki warin ƙonannen gashi. In roba ce, dutsen guga mai zafi zai bar mata tambari har abada, sai ka sa ƙyalle a tsakani. Ka kuma gaya wa mai ita gaskiya, a zafin Afrilu na Kano ba za ta sawu ba, ya jira hunturu. Baƙar singileti mai hoto wadda kalmasar hannunta layi ɗaya ce, yawanci kafin tsakiyar shekarun 1990 aka yi ta. In ta yi shekaru a ajiye ba a taɓa wanke ta ba, baƙin rinin kan cinye zaren, ka ja ta da yatsa biyu ta dare. Wannan ba ta da magani. Duk abin da ke da roba mai miƙewa a ƙugu ko a wuya, ɗauka robar ta mutu, ka sa kuɗin sabuwa a lissafi tun farko.

In sun tambaye ka yadda za su sa, ka ce abu ɗaya tsoho, saura sabo. Tsohon jins da farar riga, ko 'yar sharar saƙi a kan wandon yadi. Wanda ya haɗa tun daga hula har takalmi ya zama ɗan wasan kwaikwayo. Kada a sa tufa ɗaya kwana biyu a jere, a bar ta ta sha iska gumi ya bushe, a ajiye ba sitati, don asu da kyankyaso shi suke bi, a sa kafur, a riƙa sauya ninki duk bayan wata uku. Wanda kuwa ya kawo rigar gado ta gaske yana so ya riƙa hawa babur da ita, shimfiɗa ta a takarda ka kwafi yankanta, ka fitar masa da irinta a sabon yadi, ta asalin ya bar wa Juma'a da Salla.

Kuɗin gyaran tsoho ninki biyu ne na sabon ɗinki, rabi a hannu kafin ka taɓa. Tashi ka ɗauko wandon da yaron can ya bari jiya, mu fita da shi rana.