Tambayoyinku Kan Lafiya: Jinin da Ake Bayarwa da Abincin da Ke Mayar da Shi

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kan jini suke: masu son bayarwa suna jin tsoro, waɗanda aka ce nasu ya yi ƙasa, da masu ciki da aka ce su yi tanadi. Mun zaɓi shida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 24. An yi shelar neman masu ba da gudummawar jini, ina so in je, amma abokaina sun ce wanda aka ɗebi jininsa ba ya sake yin ƙarfi kamar da. Haka ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba haka ba ne. Jikin baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, abin da ake ɗiba kuwa leda ɗaya ce, mililita 450, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan kana shan ruwa. Jajayen ƙwayoyin jini ɓargo ne ke ƙera su, kuma yakan cike giɓin cikin mako 4 zuwa 6. Wanda ya fi jan ƙafa shi ne sinadarin ƙarfe, domin kowace leda tana tafiya da miligiram 200 zuwa 250, mayar da shi kuma sai an yi watanni. Dalilin ke nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar namiji ya bar mako 12 tsakanin bayarwa da bayarwa, mace mako 16. Wanda ka ga ya rame saboda ba da jini, yawanci wannan tazarar ya ƙetare, yana ɓoye wa ma'aikata cewa bai daɗe da bayarwa ba.

Sharuɗɗan da aka fi bi su ne shekara 18 zuwa 65, nauyi akalla kilo 50, kuma ba ka fama da zazzaɓi ko mura a ranar. Ka yi barci sosai daren da ya gabata, ka ci abinci marar maiƙo da yawa cikin 'yan sa'o'i kafin ka je, ka sha ruwa kamar rabin lita. Za a yi maka tambayoyi, a auna nauyinka da bugun jininka, a tsaga ɗan yatsa a ɗiga jini don a ga ƙarfinsa. Daga nan ka kishingiɗa, a ɗaure damtse, a goge lanƙwasar hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa allura. Allurar a haɗe take da ledarta cikin kunshi guda, sabuwa fil, a gabanka ake ɓarewa, kuma ba a sake amfani da ita. Ledar tana kan wani ɗan sikeli da ke jijjiga ta a hankali domin jinin ya gauraya da maganin hana daskarewa da ke ciki. Minti 8 zuwa 12 ta cika.

Abu biyu ne suka fi faruwa bayan an gama. Na farko jiri, ko ma ɗan suma, wanda tsoro da yunwa da zabura a miƙe tsaye ke jawowa, saboda jini yana taruwa a ƙafafu ya rage isa kwanya. Ka zauna minti 15 kafin ka tafi. In ka ji idonka na rufewa ko gumi mai sanyi ya keto maka, kwanta ka ɗaga ƙafafu sama. Na biyu shi ne taruwar jini a ƙarƙashin fata inda aka sa allura. Maganinsa tun farko shi ne ka danne audugar da kyau na kamar minti 5 hannunka a miƙe, kuma ka bar ɗaukar kaya masu nauyi da motsa jiki mai tsanani sai washegari.

Tambaya: Na je ba da jini aka ce nawa bai kai ba, wai 10.8 ne. Ni kuwa lafiyata lau nake ji. Me zan riƙa ci? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, mayar da ke da aka yi gata ne aka yi miki. Lambar nan ta himogulobin ce, sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. A macen da ba ta da ciki, ƙasa da 12 ƙarancin jini ne. A namiji ƙasa da 13, a mai ciki ƙasa da 11. Ba kya jin komai ne saboda saukar a hankali take yi, jiki yana sabawa. Sai an tambaya mace ta tuna cewa tana haki idan ta hau bene, ko tana yawan ciwon kai, ko tana sha'awar tauna ƙanƙara ko ƙasa. Ki tsaya gaban madubi ki ja fatar idonki ta ƙasa: cikinta ya kamata ya zama ja sosai. In ya koɗe ya yi fari-fari, alama ce, ko da yake gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa.

Kafin maganar abinci, a nemo inda jinin ke yoyo. Al'ada mai yawa ko mai wuce kwana 7, haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki, basir mai jini, gyambon ciki da zazzaɓin cizon sauro duk suna cin jini. Ƙaramin asibitin da ke kusa da ke zai iya duba yawancin waɗannan, ya tura ki gaba in akwai bukata. Tulu mai huji, komai yawan ruwan da aka zuba ba ya cika.

Mace mai al'ada tana bukatar ƙarfe kimanin miligiram 18 a rana, namiji 8 kawai. Ƙarfen da ke cikin abinci iri biyu ne. Na jikin dabba, wato jan nama, hanta, kifi da kaza, hanji yana tsotse shi cikin sauƙi. Na tsiro, wato wake, gyaɗa, hatsin da ba a cire dusarsa ba da koren ganye, kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, sai an taimaka masa. Babban mataimakinsa bitamin C ne, amma dole su haɗu a cikin ci ɗaya: lemu ko ɗanyen tumatir tare da wake, ko a matsa lemun tsami kan ganye bayan an sauke. Ɗan nama ko kifi a cikin tukunyar wake ma yana ƙara abin da jiki ke samu daga waken. A jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan kafin dafawa, domin hakan na rage wani sinadari da ke riƙe ƙarfen.

Inda aka fi yin asara shi ne shayi da kofi. Shan su kan abinci yana hana ƙarfe shiga jini sosai, madara ma tana ragewa. Ba mu ce ki daina ba, ki dai jinkirta su awa ɗaya zuwa biyu bayan cin abinci. Sannan launin abin sha ba shi ke yin jini ba. Jan lemun kwalba sukari ne da kala.

A 10.8, abinci shi kaɗai zai ɗauki lokaci mai tsawo, don haka mai yiwuwa a ba ki ƙwayar ƙarfe. Za ta mayar da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne. In tana sa ki tashin zuciya ko taurin bayan gida, ki koma a sauya miki yadda ake sha maimakon ki ajiye ta. Akan ci gaba da sha har wata 3 bayan lambar ta daidaita, don a cika rumbun jiki. Ki ɓoye ta nesa da yara, domin yaro ƙarami in ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.

Tambaya: Tunda za a gwada jinin, me ya sa ake yi wa mutum tambayoyin da suka shafi sirrinsa? Daga wani direba.

Amsa: Malam, ana gwada kowace leda don cutar ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Amma akwai wani tsakani, daga ranar da cuta ta shiga jiki zuwa ranar da gwaji zai iya ganinta, wanda kan ɗauki kwanaki ko makonni gwargwadon cutar da irin na'urar. A wannan tsakanin jinin zai fito kamar mai tsabta alhali yana ɗauke da cuta. Amsarka ce kaɗai ke toshe wannan ƙofar. Shi ya sa wanda aka yi wa zane a jiki ko huji da kayan da ba a tabbatar da tsabtarsu ba ake ce masa ya dakata na wasu watanni. Abin da ka faɗa amana ce a wurin ma'aikacin. Mai son sanin matsayinsa kuma ya je sashen gwaji kai tsaye, kada ya bi ta hanyar ba da jini, domin kuskure a nan kan marar lafiya yake faɗawa.

Tambaya: Maiɗakina tana da cikin wata 6. A wurin awo an ce rukunin jininta O negetib ne, mu fara tanadin jini. Ba ta da wata matsala, mene ne na gaggawa? Zan iya ba ta nawa? Daga wani magidanci.

Amsa: Maigida, ungozomar da ta faɗa muku haka ta san aikinta. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba a abubuwan da ke kashe mata wurin haihuwa a duniya, kuma yakan zo wa macen da cikinta ya tafi lafiya lau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jinin da aka ɗiba sai an gwada shi, an tantance rukuninsa, an haɗa shi da na marar lafiya an ga sun dace, duk wannan sa'o'i ne da mai zubar jini ba ta da su. Jajayen ƙwayoyin jini suna ajiyuwa a firij na musamman, a sanyin digiri 2 zuwa 6, har kwana 35 zuwa 42, don haka a tambayi asibitin lokacin da ya dace masu bayarwa su zo.

Mai O negetib kowa na iya karɓar jajayen ƙwayoyinta, amma ita sai irin nata, kuma masu shi ba su da yawa. A fara nema yanzu. Naka kuwa, ko da ya dace, an fi so kada a sa wa mace mai haihuwa jinin mijinta, saboda jikinta na iya ƙera garkuwa a kan abin da ɗan da za ta haifa nan gaba zai gada daga gare ka. Ka bayar a ma'ajiyar jini don wani ya amfana, ita a nemo mata na wani.

Akwai batu na biyu da ya kamata ku tayar a awo na gaba. In kai fozitib ne, jaririn na iya biyo ka, jikinta kuma ya ɗauki jininsa a matsayin baƙo, abin da ya fi cutar da cikin da zai biyo baya. Ana kare wannan da allurar anti-D cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa ko ɓari, wasu wuraren ma ana yi a kusan mako na 28. Ku kuma tambaya ƙarara: in jini ya ɓalle, a nan ake ƙarin jini ko wani asibiti ake turawa, kuma da wace mota? Ta ci gaba da shan ƙwayar ƙarfe da folik asid kullum, ta kuma guji yawan cin hanta yanzu, domin bitamin A da ke cikinta yana da yawa ga ɗan tayi.

Tambaya: Ni AS ce. Zan iya ba da jini? Daga wata 'yar kasuwa.

Amsa: Za ki iya, 'yar'uwa, muddin ƙarfin jininki ya kai kuma ba ki da ciki ko shayarwa. Ki dai sanar da su, saboda ba a sa irin wannan jinin ga jarirai sabbin haihuwa da masu sikila. Mai SS ne ba ya bayarwa.

Tambaya: Ɗana yana da wata 8, nono da kunu mai ruwa kawai yake sha. A wurin rigakafi an auna hannunsa da wata 'yar igiya mai launi aka ce yana kan ruwan ɗorawa. Me hakan ke nufi? Daga wata uwa.

Amsa: Maman yaro, wannan ma'aunin kaurin damtse ne, na yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore, daga santimita 12.5 zuwa sama, lafiya. Ruwan ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ce ta fara. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa mai tsanani ce da ke bukatar magani nan take. Kin samu labari da wuri.

Ƙarfen da yaro ya zo da shi daga ciki yana ƙarewa wajen wata 6, nono kuma ba ya ɗauke da isasshe, sai abinci ya cike. Matsalar abu mai ruwa ita ce cikin yaro ƙarami ne, ruwa ya cika shi kafin ya samu abin gina jiki. Ki dama da kauri yadda in kin karkata cokali ba zai zube nan da nan ba. Ki murje dafaffen ƙwai, wake, kifin da aka cire wa ƙaya ko nama mai laushi a ciki, da ɗan cokalin mai. A wata 6 zuwa 8, sau 2 zuwa 3 a rana, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 9, sau 3 zuwa 4. Nono ya ci gaba har shekara 2. Kada a ba shi shayi, madarar shanu kuma kada ta zama babban abin shansa sai ya shekara.

Ki koma a sake auna shi a ranar da suka sa miki, ki tambaya ko ya samu ɗigon bitamin A. A gida kuma ki danna saman ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga daƙiƙa 3 ki ɗaga. In wurin ya loɓa bai taso ba a duka ƙafafun, ko ya ƙi cin abinci, ko gudawa ta kama shi, ki kai shi asibiti a ranar.